Ban Kwanan Da Na Yi A Sunan Ɗan Nomau

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan Nomau ba, kuma ko na so mantawa mutanen Matameye ba za su bar ni ba.

Tun bayan girbin waccan shekara zuciyata ta tsiro da wata ɗabi'a. Tana cikin bugawa sai ta tsaya, kamar mai daka da ta ɗaga taɓarya aka kira sunanta, sannan ta sauke da ƙarfi har in ji a maƙogwaro. Ba ciwo, ba jiri, sai tsoro. Ban gaya wa kowa ba. Malamin da ke ba mutane rubutun faɗuwar gaba, wa zai kai wa tasa?

(Na ce malami. Bari in gaya maka, tunda yanzu har awakin gari sun sani. An tura ni Katsina karatu ina saurayi, na yi shekara bakwai: ɗaya a gaban allo, shida a marina ina bugun tufafi. Na dawo da rawani da gafaka, manya suka ce Malam ya dawo, ni kuma ba a koya mini ƙaryata manya ba. Izu huɗu gare ni da kyawun rubutu. Da su na ci shekara talatin ina ba da laya.)

Ranar sunan, liman ya tafi Kance, sai maƙwabcina Nomau ya ce ni zan raɗa wa yaro suna. Ayari bai daɗe da isowa daga Kano ba, Nomau kuwa ɗansa na fari ne, ya sayo goro ɗanye, fari tas. Aka ajiye faifan a gabana. Ko koko ban sha ba. Ana gaishe-gaishe ina ɓarawa, ana jiran dangin mai jego daga Icirnawa ina ɓarawa.

Na ɗaga hannu ke nan zan fara addu'a, zuciyar ta tsaya. Ta buga. Ta sake tsayawa. Sau uku a jere, abin da ba ta taɓa yi ba. Gumi ya keto mini. Na ce shi ke nan, yau za a kai ni. Sai na tuna masu tambaya a kabari ba sa duba girman rawani.

"Jama'a," na ce, "ku dakata da ragon nan. Tawa ta ƙare. Ku yafe ni."

Da na tsaya nan da yau ina da sauran mutunci, amma bakin mai mutuwa ba ya da linzami. Na faɗi zancen marina. Na faɗi izu huɗu. Na ce duk layar da ta fito daga hannuna abu ɗaya ne a cikinta, gajerun surorin da na iya.

Wani falke, Illiya, ya dafe damtsensa. "Malam, har wadda ka ba ni ta 'yan fashi?"

"Ita ce ta ciwon haƙorin matarka, Illiya. Ka yafe ni."

Na kwanta a tabarma, na fuskanci alƙibla, na yi shahada, na rufe ido. Cikin gida mata suka sa kuka. Na jira. Ina jin ragon yana jan igiya. Ƙuda ya sauka mini a hanci, na ƙi korarsa don kada a ce ban mutu da gaske ba. Zuciyar nan kuwa, Allah ya isa tsakanina da ita, sai ta koma bugawa daidai, lafiya lau, kamar ba ita ba.

Tanko wanzami, taubashina, wanda ya zo yi wa jariri aski, shi ya durƙusa a kaina. Ya dafa wuyana, ya kara kunne a ƙirjina, ya latsa ƙafata.

"Kana jin nauyi a ƙirji? Kana haki?"

Na girgiza kai, ido a rufe.

"Gawa, goro nawa ka ci?"

"Bakwai," na ce a hankali.

"Ba ka karya ba? Innata ta yi shekara ashirin da irin wannan tsallen, tsufa ne ya ɗauke ta. Tashi a yanka rago, rana na yi."

Na jawo hannun rigarsa. "Tanko, don zumunci ka rufa mini asiri. Ka ce suma na yi."

"Wane asirin kuma? Ai ka rabar da shi kaf, ko na gado ba ka bar wa 'ya'yanka ba."

Ban san akwai abin da ya fi mutuwa wuya ba sai da na tashi zaune a gaban mutum sittin ina laluben takalmi. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Surukin Nomau ne ya raɗa sunan. Da na isa gida uwar 'ya'yana ta gama kukan takaba har ta share ido. Ta ce, "Sannu da dawowa, maigida." Shekara talatin tana ce mini Malam.

Yau shekara goma sha ɗaya. Ba wanda ya ƙara kawo allo ƙofar gidana. Na koma gonar ubana da gwiwar da ta riga ta mutu. Illiya ya daina gaishe ni, ko da yake har yau layar tana damtsensa. Yaron da aka raɗa wa suna, in ya gan ni sai ya ce, "Kaka, yaushe za ka sake mutuwa? An ce ranar ina barci."

Zuciyar ba ta daina ba. Na rage goro zuwa ɓari guda, shi ma sai na karya. In ta tsaya nakan zauna a inuwa, in sha ruwan randa, in ja numfashi, in jira. Kullum tana dawowa, kuma kullum sai na ji tsoro kamar ranar farko, don na san akwai ranar da ba za ta dawo ba, ranar kuwa ko na yi kururuwa za a ce tsohon nan ya ci goro.

Ba na cewa kada mutum ya tuba, nauyin ya sauka, ban musa ba. Amma in ka ji alamar tafiya, ka gaya wa Allah naka a hankali, shi ba ya kai zance kasuwa. Jama'a kuwa, ka bari wanzami ya duba ka tukuna.