Munduwar Kakar Rabi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Djougou gaida dangin Rabi ba, yarinyar da nake nema da aure. Tun a Parakou ta gargaɗe ni cewa maganar tana hannun kakarta: in tsohuwa ta ce a'a, shi ke nan.

Ni kuwa ina da wata cuta, ta tara tsofaffin kayan azurfa, musamman na zamanin da Turawa suka sa mutane aikin shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Parakou. (Duk 'yan gwanjon kasuwar Arzèkè sun san ni, wasu har ɓoye kaya suke yi in sun hango ni.)

Na isa da wuri, sai na tarar da wata tsohuwa a ƙofar gida tana feraye doya, da munduwa baƙa ƙirin a hannunta. Idona ya kafe a kanta, don irinta na shekara uku ina nema. Na ɗauka maƙwabciya ce. Gaisuwar ma sama-sama na yi, na tsuguna na fara abin da muka gada, wato kushe kaya kafin a taya.

"Inna, wannan ai ba azurfa ba ce, dalma ce. Maƙerin ma bai iya aiki ba. Amma don tausayi zan saya."

Ban rufe baki ba Rabi ta fito da ruwa, ta durƙusa ta ce, "Kaka, ashe kun gaisa."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Tsohuwa ta ajiye wuƙa. "Maƙerin da bai iya aiki ba, ubana ne. Da kuɗin da aka biya shi a aikin jirgi ya ƙera ta." Ta dube ni sama da ƙasa. "To, ɗan Parakou, ita ma jikar tawa dalma ce?"

"Azurfa ce, Kaka," na ce. "Munduwar ma azurfa ce. Ƙarya na yi don ina so."

Ta yi dariya har da tari. "To, kana da ido, bakin ne ba ka da shi. Rabi za ta gyara."

Yau munduwar tana gidana, a hannun matata, kuma an hana ni taɓawa. Tun daga ranar, in na ga abin da nake so, sai in gaida mai shi da kyau, in tambaya ko ita wace ce, sannan in buɗe baki.