Ranar da na je neman lauyan kyauta

Ko me zan manta, ba zan taɓa mantawa da zuwana kotu na farko ba.

Bayan mijina ya sake ni, sai ya riƙe awakina da keken ɗinkina, ya kuma daina aiko da abincin yara. Yayana ya ce ba zai raka ni ba, wai kai ƙarar uban 'ya'ya abin kunya ne. Inna kuma ƙafa ta hana ta fita. A rediyo na ji cewa akwai lauyoyin da ke taimakon mata kyauta, don haka na hau mota ni kaɗai zuwa Ɗanbatta.

A harabar kotu kowa da ɗan rakiyarsa, ban da ni. Can na hango wani mutum a benci, da baƙar kwat a wannan zafin. Na ce a raina, lauya ke nan. (Ban taɓa ganin lauya ba sai a talabijin ɗin maƙwabta.)

Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Daga nan bakina ya ɓalle. Na faɗi awaki, na faɗi keke, har da yadda nake zama a ɗakin Inna ba mai leƙo ni. Ina kuka ina jan majina, mutane na juyowa. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana cewa, "Allah sarki. Wasu mazan ba su da tsoron Allah."

Sai masinjan kotu ya kira wani suna, mutumin ya miƙe zumbur.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to batuna fa?"

Ya ce, "Baiwar Allah, ni ma ƙarata aka kawo. Tsohuwar matata ce, kan abincin yara. Kwat ɗin ta ƙanena ce."

Aka bushe da dariya. Na ja mayafi na rufe fuska, na kasa ko tashi. Wata matashiya mai hijabi ce ta kamo hannuna ta ce, "Taso Yaya, mu ne masu taimakon. Ai na gama jin komai, ba sai kin maimaita ba."

Ita ta tsaya mini har alƙali ya sa aka dawo da kayana, aka yanka wa yara abin ciyarwa.

Yanzu kafin in buɗe wa mutum cikina, sai na tambaye shi me ya kawo shi. Amma tsakani da Allah, tun da aka sake ni, mutumin nan ne na farko da ya saurare ni har ƙarshe.