Liƙin da Na Yi wa Mai Jita

Ni direba ne, ban yi boko ba, amma na san yadda ake girmama mawaƙi. Da zafin bana na kai Ummi, 'yar maigidana, bikin kiɗa a wani lambu wajen unguwar Ma'adi, a nan ƙasar Larabawa da muke zaune. Wani saurayi mai jita ya rufe ido yana waƙa mai sanyi, har ta ratsa ni. Jama'a kuwa tafi kawai suke yi. Na ce a raina, mutanen nan ba su san hakkin mawaƙi ba.

Na gyara hula, na hau dandamali da takun manya, na manna masa fam ashirin na kuɗin ƙasar a goshi. Ya buɗe ido ya kurma ihu. Ƙarti biyu suka sure ni, ƙafafuna na lilo. Ba abin da nake hangowa sai 'yan sanda, da maigida yana karɓe makullin mota.

Ummi ta rugo tana cewa, "Ma'alish, ku yi haƙuri, al'adarmu ce!" Mawaƙin ya ɓanɓare kuɗin, ya tuntsire da dariya, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku sake shi." Wallahi sai lokacin numfashina ya dawo.

Maigida bai kore ni ba. Sai dai har yau, in na leƙa kicin, kuku zai turo goshi ya ce, "Baba direba, na fara waƙar?"