Yadda Ake Auna Karanshaf da Tsinken Tsintsiya

Ɗan'uwa, in kana da sifana biyu, da inuwar darbejiya, da bakin da ba ya gajiya, to samu benci ka zauna. Na yi maka alkawari, muddin ka bi matakan nan, duk injin da ya shigo hannunka ba zai ƙara damun kowa da ƙara ba har abada.

Ba da ka na tsaro su ba. A garejin Barau na Birnin Kudu na koyo su, a kan a-kori-kurar aminina Dogara, tsohuwar Fijo 404 da ya gada wurin mahaifinsa. Hajjin farko ne bayan an ba mu jiha, kuma Dogara ya yi wa mahaifiyarsa, Inna Kulu, alkawari a gaban jama'a cewa da motar marigayi zai ɗauko ta daga Kano har ƙofar gida a Zandam. Ana fara maganar dawowar alhazai, injin ya fara ƙwanƙwasa.

Mataki na 1: Fara da allo

Sabuwar jiha ce, kowa ya samu ƙarin girma. Masinja ya zama akawu a Dutse, kai me zai hana ka zama Injiniya? Shafe Kano daga allonka, rubuta Jigawa, ka ƙara da "ƙwararre kan karanshaf". In mai mota ya tambayi mene ne shi, ce masa ƙarfen nan ne mai gwiwoyi da ke juyawa a cikin inji, fistin na tura shi, shi kuma yana tura mota. Iyakar gaskiyar da za ka faɗa a aikin ke nan, saboda haka ka faɗe ta da ƙarfi.

Mataki na 2: Gane iri da kunne

Masu neman wahalar da kai za su ce karanshaf iri-iri ne. Wai akwai na zubi akwai na ƙira, wani wuyan da yake zama a kai cikin inji uku ne wani biyar, wani bai taɓa ganin mai yanka ba, wani an sha yanke shi har ya rame. Za su ce ka ƙirga, ka goge ka duba lamba, ka sa ma'auni. Rabu da su, aikin yi ne ba su da shi. Kai dai rataye shi a reshe, ka kwaɗa masa sifana, ka kanne ido ɗaya.

Haka Barau ya yi. Dogara ya matso ya ce, "Injiniya, yaya ka ji?"

"Sai haƙuri, Malam Dogara, ya mutu. Sai an sayo wani a Kano."

Mataki na 3: Aika awo, kada ka aika ƙarfen

In tsohon ya je kasuwa, wani zai iya ganinsa ya gane irinsa, wannan kuwa zubar da girma ne. Yi yadda iyayenmu mata ke yi in za a sayo takalmin salla: a karya tsinke daidai tsawon ƙafa, a ba mai zuwa kasuwa. Zaro ɗaya daga tsintsiyarka, gwada kaurin wuyan karanshaf, ka karya. Ai da haka aka yi mana takalma, ga mu nan muna tafiya.

Dogara ya ce, "Anya, Injiniya? Ba gara na ɗauki tsohon na tafi da shi ba?"

Barau ya ce, "Na taɓa zuwa gonarka na koya maka shuka?" Dogara mutum ne mai kunya, sai ya haƙura. Ka riƙa neman irinsa.

Mataki na 4: Zaɓi ɗan aike mai son nama

Maikano direban bas aka ba tsinken, ya maƙale shi a bayan kunne. A Wudil ya tsaya ya ci balangu, nama ya shige masa haƙori, ya lalubi abin da ke kusa. Da bakinsa ya ba mu labarin daga baya a tasha, har yana dariya, Allah ya shirye shi. Ya ce kan tsinken ne kawai ya ɗan karye, ya tofar.

Mai kaya a Kano ya dubi tsinke, ya dubi Maikano, ya shiga can ƙuryar shago ya jawo wani ramammen karanshaf da ya yi daidai da abin da ya rage.

Mataki na 5: Abin da bai zauna ba, zaunar da shi

Metal su ne 'yan ɓawon ƙarfen da karanshaf ke kwanciya a kansu. Wai kowane yanka da nasa: sitanda, ten, tuwanti, haka nan. Kai naka shi ne wanda ke cikin akwatinka. Sa masa sitanda. Za ka ga yana lilo a ciki kamar cokali a kofi, kada gabanka ya faɗi. Yanko gwangwanin madara ka cusa a ƙarƙashi, ɗaure da iya ƙarfinka, ka ɗura man giya mai kauri don ya toshe masa baki. In mai mota ya ce yana jin ƙwal-ƙwal, ce masa baƙunta ce, za su saba.

Mataki na 6: Kada ka kuskura ka shiga motar

Wannan aikin abokai ne. Ni na raka Dogara. Mun isa Kano da addu'a, muka ɗauko Hajiya Kulu, ta zauna gaba da jarkar zamzam a cinya, tana shafa kujerar. Da muka ratsa Birnin Kudu na hango Barau, yana ganinmu ya zaga bayan gareji, wai alwala.

Mun wuce Gwaram, har muna hango rumbunan Zandam da taron masu tarye, sai muka ji gwaram a ƙarƙashinmu. Baƙin mai ya malale a yashi. Na tura har na fara ganin duhu, motar ko motsi. Wallahi ban taɓa jin haushin ɗan Adam irin na ranar ba.

Wani mai babur ya tsaya. Dogara ya durƙusa a bakin ƙofa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri ki hau, a ƙarasa da ke."

Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Kai, tashi. A motar marigayi Malam ka ce zan shiga gida, a cikinta kuwa zan shiga."

Wani manomi ya kwance shanun huɗarsa daga garma, aka ɗaura mana igiya. Haka matar da ta sauko daga jirgi da safe ta shiga garinsu a bayan bijimai biyu, Dogara na riƙe da sitiyari, kansa a ƙasa. Da mata suka fara guɗa, wasu na danne dariya, sai ta leƙo ta taga ta ce, "Ku shaida, ya cika alkawari." Motar na nan a ƙofar gidansu, kaji na ƙwai a ciki.

Sanarwa

Ba ruwan mai wannan rubutu da injin da ya buga, ko bayan da ya riƙe wurin turi, ko ɗan da har yau ba ya iya haɗa ido da mahaifiyarsa. Mai ƙorafi ya nufi garejin Barau. Ba zai ɓata ba, akwai akuya ɗaure a jikin tsohon karanshaf ɗin Dogara, wanda aka gano daga baya lafiyarsa ƙalau. Kasuwa ta buɗe wa Injiniya sosai, don haka in za ka je, tafi da tsintsiyarka, tasa ta ƙare.