Kek ɗin Gwaji a Falon Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai kek ɗin gwaji gidan surukaina a Shinkafi ba. Ko ni na so in manta, Nafisa ƙanwar mijina ba za ta bari ba, don har yau in ta kira ni a waya sai ta yi kukan akuya kafin ta yi sallama.

Bari in faɗa muku halina tun farko: ina son yabo. Ni 'yar Zurmi ce, aure ya kawo ni Ƙaura Namoda, ina koyarwa a firamare, kuma abu biyu nake taƙama da su a duniya. Na farko shuke-shukena, na'a-na'a da ɗaɗɗoya da na jera a gwangwanayen madara a tagar kicin, tunda kajin maƙwabta sun rantse ba zan yi shuka a tsakar gida ba. Na biyu kek. Ba ni da oben, ko ina da shi ma wutar ba zama take ba, don haka da yashi nake gashi. A zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora a gawayi ya yi zafi, a jera gwangwanayen ƙullu a kai, a rufe ruf. Wanda ya iya, ba ka bambanta nasa da na kanti, ni kuwa a ganina na fi kowa iyawa.

Wata rana Babanmu ya biyo ta gidana, ya leƙa tagar ya ga ganyen ya yi fari-fari. Ya ce, "Wagga shuka taki yunwa ta ka ji." Da ya koma Zurmi sai ya aiko min da busasshen takin awaki. Na daka shi lukui, na tankaɗe, na cuɗa da yashi, na ajiye a bokitin fenti ina ɗiba ina ƙara wa gwangwanaye. Na'a-na'a ta yi kore shar, har ta fara leƙa waje. Shi kuma yashin gashi yana cikin wani bokitin fentin, a gefensa, kuma yashin da ya sha wuta baƙi yake komawa. Ido ba ya raba su. Hanci kaɗai ke raba su, kuma hancina bai taɓa ba ni kunya ba (ku riƙe wannan maganar).

To, sai aka sa bikin Nafisa. Gidan su mijina gidan malamai da ma'aikata ne, kuma kowace suruka da abin da aka san ta da shi. Matar babban yayansu, Anti Luba, ita ce ta dambun nama. Wata ta alkaki. Ni kuwa duk biki in an zo rabon aiki, buhun albasa ake turo min da wuƙa. Abin yana ci min rai ƙwarai, ban dai taɓa faɗa ba. Da na ji Hajiya, mahaifiyar mijina, tana cewa daga Gusau za a yo odar kek, sai bakina ya riga ni. Na ce ai ba sai an je Gusau ba, ga ni.

Hajiya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To ɗiyata, ki yo muna kaɗan mu ɗanɗana. In ya yi, ke ka yin na biki."

Ana gobe za mu je, mura ta kama ni, irin wadda ke toshe hanci kamar an liƙe da ƙullu. Mai hankali zai ɗaga tafiyar. Ni na ce ko a kan gadon asibiti nake sai na raba kaina da albasa. Da safe na fasa ƙwai, na buga bota da sukari har hannuna ya yi tsami, na ɗan murza na'a-na'a a ciki don a san ni ba irin sauran ba ce. Maigidana yana ta azalzalata, yana so mu je mu dawo da rana tsaka saboda halin da hanya ke ciki. A cikin wannan saurin na kai kwano cikin bokiti na ɗebo yashi na juye a tukunya.

Na ga hayaƙi yana ɗan fita ta gefen murfi, abin da bai saba ba, idona har yana ruwa. Na ce mura ce. Maigida ya leƙo yana yamutsa fuska ya ce, "Wai mi ka ƙonewa gidan ga?" Na ce masa maƙwabta ne ke ƙona shara, kuma in ba zai taya ni ba ya bar ni in ji da abin da ke gabana. Bawan Allah ya koma waje. Kek ya fito ya taso, ya yi ja gwanin sha'awa. Na gutsura na ji zaƙi, ban ji komai bayan zaƙi ba, na ce alhamdu lillahi. Na jera a kular abinci tun da zafinsa na danne murfi, na yanko damin na'a-na'a na tsaraba.

A mota maigida ya sauke gilashi duka. Can kuma ya tsaya a gefen hanya ya fita, ya ɗaga ƙafa yana duba ƙarƙashin takalminsa, ya duba ɗayan, ya dawo ya ci gaba da tuƙi. Ni ina baya rungume da kula kamar mai jego.

Mun tarar da falon Hajiya a cike. Ga Anti Luba, ga Nafisa, ga Gwaggo Kulu ƙanwar mahaifinsu, tsohuwar da ba ta iya ɓoye magana ba. Bayan gaisuwa na durƙusa na buɗe kula a tsakiyar ɗaki. Falon ya yi tsit. Wallahi a raina cewa na yi kyan kek ɗin ne ya ɗaure musu baki.

Na sa wa Hajiya a faranti. Ta gutsura, ta daɗe tana taunawa tana kallon silin, sannan ta haɗiye ta ce, "Ma sha Allah. An yi ƙoƙari." Jin haka na ƙara mata wani, na ce ai bai kamata ta tsaya a ɗaya ba. Ta ci. Anti Luba ta ce azumi take yi (na ga ɓawon gyaɗa a cinyarta, amma na ɗauka hassada ce). Gwaggo Kulu ta kai nata kusa da baki, ta fasa, ta ƙulle a bakin zane wai za ta kai wa jikoki. Nafisa ta tambaye ni da wata irin murya, "Anti, mi kinka sa ciki?" Na gyara zama na ce sirri ne, amma tunda ita ce amarya, ta sani daga tagar kicin ɗina abin ya fito. Har bayani na yi musu a kan yadda kek ɗin kanti ba shi da ƙamshin gida.

Hajiya ta ji yadda nake jan hanci, tausayi ya kama ta. Ta sa Nafisa ta dafa min shayi da na'a-na'ar da na kawo, aka zuba citta da kanumfari da masoro. Na kurɓa, na sake kurɓa, tururin ya hau min kai. Sai atishawa, wata bayan wata, hancina ya buɗe tar.

Wani wari ya doke ni. Warin garke ne sak, irin na damina, an haɗa shi da ƙauri. Maimakon in yi shiru in yi tunani, sai na toshe hanci da mayafi na ce da ƙarfi, "Subhanallahi! Hajiya, akuya ta shigo hwalon ga? Nafisa, ba ku share ba yau?" A falon surukata, a gaban mutane! Ban tsaya nan ba, na miƙe ina leƙa bayan kujeru ina shinshinawa. Hancin da nake taƙama da shi ya ja ni, ya zagaya da ni, ya kawo ni tsakiyar ɗaki ya tsayar da ni a kan kulata.

Gwaggo Kulu ta kwance bakin zanenta ta ajiye kek ɗin a gabana. Ta ce, "Akuyar taki cikin kwano kinka taho da ita, ɗiyata. Hajiya ma har ta ci ƙahwa biyu."

Nan take bokitan nan biyu suka faɗo min a rai. Na zauna a kan tabarma, na ji da ma ta naɗe da ni a fitar da ni waje. Nafisa ta kife a kan kujera. Anti Luba mai azumi tana dariya har da ƙwarewa. Da ƙyar na iya faɗin abin da ya faru da yashin. Hajiya ta cire tabarau tana share hawaye ta ce, "Ni hwa cewa niy yi haka na 'yan boko ya ke, shi as sa ban yi magana ba." Wannan ya fi komai kashe ni. Baiwar Allah ta haɗiye takin awaki har sau biyu don kada in ji kunya, ni kuma na saka mata da cewa falonta na wari.

Kek ɗin biki dai daga Gusau ya zo. Amma ba a turo min albasa ba. Hajiya ta ce shayin nan da ya buɗe min hanci shi za a ba baƙi, kuma ni zan dafa, tunda ta shaida da bakinta cewa na'a-na'ata tana samun abinci mai kyau. Aka sha aka yaba, har yau a gidan ni ce ta shayi.

Yashin gashi yanzu a tsohuwar tukunya yake, nesa da taga, kuma in ina mura ko ruwan zafi ba na dafa wa baƙo. In surukata ta ce "an yi ƙoƙari," ba na ƙara mata. In kuwa na ji wari a gidan mutane, kwanon da na zo da shi nake fara shinshinawa kafin in buɗe baki.