Danƙo a Bakin Teku

Ko zan manta sunan kakata, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da ajinmu ya tafi kallon tsuntsaye a bakin teku ba. Wata huɗu ke nan da Baba ya kwaso mu daga Kano zuwa garin Greensboro na Amurka saboda karatunsa, kuma duk ajin babu wanda ya taɓa ce mini ko ci kanka. Na ƙudura a raina, ranar nan sai na yi abokai.

Malamar kimiyya ta ce kallo kawai za mu yi. Na ji ta sarai, yarda ce ban yi ba. Wa zai yi tafiyar awa huɗu cikin hunturu don ya kalli nama yana yawo? Mama ma cewa ta yi, "Kunya ce irin tasu, ba sa son su ce farauta." Ta ƙulla mini yaji a leda. Ni kuwa na cusa danƙona cikin safa (a unguwarmu ni ne sarkin harbi, har yau kurciyoyi suna ba jikokinsu labarina).

Muka isa wani tafki kusa da teku. Sanyi kamar ana yanka kunne da reza. Aka raba mana madubin hangen nesa, muka laɓe bayan ciyawa awa biyu, ba tari ba motsi. Can sai malama ta yi raɗa: ga wata agwagwa da ta shekara tara tana nema!

Na ce a raina, baiwar Allah, shekara tara? Yau kin samu.

Na ja danƙo, na saki.

Ban same ta ba. Amma duk wani mai fiffike a tafkin ya tashi, sama ta yi baƙi, ruwa ya koma fayau. Yara ashirin suka juyo. Garin ɓoye danƙon, sai ledar yajin ta faɗo ta fashe, iska ta raba wa kowa rabonsa.

Malama tana atishawa tana hawaye ta ce, "Me ya sa?"

"Malama, ke na so in kamo wa."

A bas ɗin dawowa kujera uku aka bari tsakanina da kowa. Da na isa gida, Baba ya karanta takardar ƙorafin da makaranta ta aiko a tsaye, ya ce, "Ni na zo neman digiri, kai ka zo neman nama?"

Har yanzu ni kaɗai nake cin abincin rana. Na dai gane cewa a ƙasar nan agwagwa ta fi baƙo dangi.