Littafin Shurin Hayatu

"...da gajiya, maigida? Ko sai ka gama kashe buhun za ka amsa gaisuwar?"

"Lahiya lau, tsohuwa. Yaya ƙafa? Matsa can, kar iskar shurina ta kwashe ki."

Dada ce da jikanta Hayatu, da hantsi, a tudun da aka zuba mutanen ƙauyenmu kusa da Maradun, shekara ta uku da ruwan madatsar Bakolori ya hau gonakinmu. Uban Hayatu ya rasu kafin ruwan ya zo, kabarinsa ma yana can ƙasa. Su biyu suka rage a gidan. Hayatu, saurayi mai shekara ashirin, ya tsinci wani littafi a bolar kamfanin da ke aikin madatsar, cike da hotunan Turawa biyu masu dambe da hannu da ƙafa. Ya cika buhu da yashi ya rataye a jikin rumbu, kullum yana shuri. Washegari manoma za su tare hanyar kamfani, kuma kowa ya san an kawo masu bindiga. Ina zaune bayan zana ina tufka igiya, ina jin su.

"Shekara uku buhun ga bai ga gero ba," in ji Dada, "yanzu kuma duka yake sha. Mi ya yi maka?"

"Horo nike. Gobe in na ɗaga ƙafar ga a bakin hanya, sai Bakura za a tsinto hular mutum."

"Ƙafar da zakara ya kora jiya? Ni dai na yi rashin sa'ar miji. Kakanka da hannu ɗaya ya kada mahautan Mafara uku rana guda, bai taɓa tambayar takarda ba."

"Ya tsira daga mahauta, tuwonki ya ƙarasa shi."

"Tuwon nawa ne ya yi maka wuyan da kake taƙama da shi. Miƙo littafin in ga malaminka."

Ya goge hannu a wando, ya tsuguna gabanta, ya buɗe.

"Duba nan, in idon na aiki. Darasin farko, mutum kwance a ƙasa. Nan ya ɗago. Nan ƙafar abokin karawarsa ta janye daga haɓarsa. Nan ga shi tsaye garau, ko ƙura babu. Ilmin tashi ne wannan, tsohuwa. Wanda ya iya shi, ko an kada shi ba ya zama a ƙasa."

Dada ta daɗe tana kallon hotunan.

"Ta ina ka buɗe?"

"Ta dama mana, kamar kowane mai hankali. Haka aka koya mana a makarantar allo."

"Shekara biyu ina sai da fura a ƙofar kamfani, ina kallon akawunsu. Su ta hagu suke farawa. Takardar da suka auna gonarmu ma ta hagu aka buɗe ta."

Ta karɓa ta juya shi. Ta bi hotunan da yatsa sannu a hankali. Mutum tsaye garau. Ƙafa ta same shi a haɓa. Ya karkata. Ya kwanta.

"Nan ya ƙare," ta ce. "Babu wani hoto bayan wannan."

Hayatu ya sake bin hotunan da ido. Can ya ce, "Wata biyu."

"Wata biyu kana koyon dambe da baya. Shi ya sa in ka kai shuri sai in ga ka janye ƙafa kamar ka taka kunama. Na ɗauka kunyata kake ji."

"Kunyar wa? Tsohuwar da haƙoranta biyu ba su ga maciji da juna?"

"Su biyun sun ishe ni cizon rago. Zauna gida gobe. In shuri kake so, ga ni, na fi buhu taushi."

"Ke? Ƙashi zalla. Ƙafata nike tausayi."

"Na duba ta dama, na duba ta hagu, maigida. Babu hoton bindiga a littafin ga."

"Babu hoton ruwa ma, amma ya ci gonarmu."

Dada ta mayar masa da littafin. Ta kakkaɓe zanenta, alhali babu komai a kai.

"Maiwada za shi, Bello za shi," in ji Hayatu. "In zauna in ce musu mi? Matata ta hana?"

"Ka ce musu ta tsufa, ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Ruwa ya kore mu daga gida, kuma sai an yi tafiyar rabin wuni kafin a samu na sha. In ka taka hanyar nan na sake ka, saki uku."

"Yaushe mace ta fara saki?"

"Ranar da gulbi ya fara hawa tudu."

Sai ya fashe da dariya, har ya zauna dirshan a ƙasa.

"Kin ci, amarya, na sallama. Littafin banza ne, malamin ma ƙarewa ya yi a kwance. Ungo, tukuicinki. Ki hura wuta da shi, ko tuwon ya nuna yau."

Ta karɓa. Ba ta yi dariya ba, don ta ji abin da ya sallama, ta kuma ji abin da bai ambata ba.

Da sassafe na gan shi ya fito da takalmi a hannu. Ya gaishe ni, na amsa.

Abin da ya faru a hanyar, waɗanda suka dawo sun ba da labari. Ni nake ɗebo wa Dada ruwa yanzu. Buhun yana nan a jikin rumbu, rana ta cinye shi, yashin na zuba kaɗan-kaɗan.

Ba ta hura wuta da littafin ba. Wani lokaci da hantsi nakan ga ta ɗauko shi ta ɗora a cinya. Ta dama take buɗewa.